Wili Loman a Damargu

Shekaru da dama ke nan ina ba manyan ɗalibaina na Balbeji labarin wasan kwaikwayon nan na Arthur Miller, Mutuwar Ɗan Talla, wanda aka fara nunawa a New York a 1949. Ba ya cikin manhajarmu. Ni nake cusa shi, domin ban ga wasan da ya tona asirin ƙwadago kamarsa ba.

Wili Loman ya haura sittin. Ya shekara 34 yana yawon talla wa kamfani guda, har aka yanke masa albashi, aka bar shi da la'ada. Ya tafi wurin Howard, ɗan tsohon maigidansa, yana roƙon a zaunar da shi a ofis. Ya nemi dala 65 a mako, ya sauko 50, ya sauko 40, kamar mai tallan tsohuwar akuya da yamma ta yi masa a kasuwa. Ya tuna wa yaron cewa har sunansa sai da uban ya shawarce shi. Howard kuwa hankalinsa na kan sabuwar na'urarsa ta ɗaukar murya. A wannan zama aka sallame shi.

A nan ɗalibai sukan harzuƙa, ba a wurin mutuwarsa ba. Sun tashi inda bara yake tsufa a zauren ubangidansa, ana aiko masa da damin hatsi ko ya daina iya riƙe hauya. Ba na yabon wannan tsari. Cin zalinsa ba kaɗan ba ne. Amma akwai kunya a cikinsa, kuma a ganina ita Wili ya je nema. Ya ɗauki kamfani gidan ubangida, alhali kamfani littafin lissafi ne, inda tsoho yake shafin asara.

Mahamat-Saleh Haroun ya kawo zancen kusa da mu a fim ɗinsa Un homme qui crie, wanda ya ci kyauta a Cannes a 2010: Adam, tsohon zakaran ninƙaya, sababbin masu otal a Njamaina suka mayar da shi mai gadin ƙofa, suka ba ɗansa gurbinsa.

Mu kuwa hanyar Tanut ta daɗe tana kwasar samarinmu zuwa Agadas da Arlit. Ranar 31 ga Maris 2021 aka rufe mahaƙar yuraniyom ta Cominak a Akuta, wadda ta fara fitar da ma'adini a 1978. Ma'aikatanta kusan 600 suka fita da kuɗin sallama. Ɗaruruwan da 'yan kwangila suka ɗauka, masu shaƙar ƙura ɗaya da su, ba su cikin wannan yarjejeniya. Mai shekara hamsin da ya sauko daga can, wa zai ɗauke shi? Fansho sai a sittin, gonar gado kuma ƙanne sun riga sun raba ta.