Tanar Roba A Bakin Ruwan Ƙaraye

Ƙaraye gari ne na ruwa, amma ba za ki gane haka ba in kina tsaye a tasha. Sai an yi wajen Turawa da ke, kin hango ruwa shimfiɗe iya ganinki, jiragen masunta can tsakiya kamar ƙudaje, sannan za ki fara tambayar kanki, anya kuwa a jihar Kano nake? Wannan shi ne dam ɗin Challawa, wanda kamfanin Julius Berger ya gina tsakanin 1990 da 1992. Tsayin bangonsa mita 42, tsawonsa ya kusa kilomita 8, kuma daga Kano zuwa wurin kamar kilomita 90 ne.

Bikin ƙawata ne ya kai ni. Muka hau mota a Kabuga, muka bi titin Gwarzo, muka wuce sabuwar jami'ar Bayero da Rimin Gado, ban da hirar anko babu abin da ake yi a motar. Washegarin kamu, da gida ya cika da hayaniya, sai yayan amarya ya ce zai je kamun kifi, mai son ganin ruwa ta biyo shi. Mu uku muka yafa mayafi muka bi shi.

Abin da ya fito da shi daga jaka ya ba mu dariya. Sanda ce siririya kamar tsinken tsire, da zaren lilo wanda da ƙyar ido yake ganinsa, da ƙugiya 'yar mitsila mai ɗan kan darma. Maimakon ya tono tana, sai ya ɗauko wata roba mai laushi, tsawonta bai fi ɗan yatsa ba, ya soka. Wani dattijon masunci da yake ɗinkin koma a gindin bishiya ya ɗago kai ya dube shi.

“Ɗan samari, wannan wasan yara ne ko su?”

“Su ne Baba, irin na Amurka.”

“To Allah Ya ba da sa'a. Kifin Ƙaraye dai bai yi boko ba.”

Gaskiyar Yaya, daga can abin ya fito. A Amurka akwai wani kifin ruwan daɗi da suke kira bas, mafarauci ne, ƙananan kifi da kwaɗi yake ci, kamar dai giwan ruwa a wajenmu. A tafkunan da masu fatsa suka yi yawa, kifin yakan yi wayo ya daina kula manyan abubuwan yaudara masu ƙara da ƙyalli. Shi ne suka koma ga ɗan ƙarami marar nauyi, a jefa shi ya nutse a hankali ya tsaya a ƙasa, a riƙa ɗan girgiza sanda kamar tana ce take motsi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yawancinsu ba don miya suke kamawa ba. Tun 1972 babbar ƙungiyarsu ta masu gasar kamun bas ta fara kiran a daina kashe abin da aka kama, a auna shi a mayar da shi ruwa. Ni dai a raina na ce wannan sai mai ƙoshi.

Mun fi awa guda ba abin da ya taɓa robar nan, kuma Baba ya gaya mana dalili. Tarwaɗa da ƙanshi da gashin bakinta take neman abinci, roba kuwa ba ta da ƙanshin komai. Karfasa kuma rabin cinta gansakuka ne. Da Yaya ya haƙura ya sa tana ta gaske, nan da nan sai ga 'yar karfasa ba ta kai tafin hannuna ba.

A nan ne na ga abin da ya sa na ɗauki biro. Kafin ya taɓa ta sai da ya jiƙa hannunsa, domin yauƙin nan na jikin kifi shi ne rigarsa, busasshen hannu yana goge shi, cuta ta samu hanyar shiga. Bai matse ta ba, bai sa yatsa a jajayen wuraren nan na gefen kai da take numfashi da su ba. Ashe tun a gida ya sa filaya ya danne ɗan haƙorin ƙugiyar, wanda yake hana ta fita, saboda haka zarewa ɗaya ya yi ba tare da ya yaga mata baki ba. Ya ce in kifi ya haɗiye ƙugiya har ciki, gara a yanke zaren da a ja a tsinka masa hanji. Ya tsoma ta a ruwa ya riƙe kaɗan, ta kaɗa wutsiya ta ɓace. Ƙanwar amarya har da salati, wai ya zubar da romo.

Baba bai yi dariya ba wannan karon. Ya ajiye ɗinkinsa ya ce, “'Yata, ku da kuke zuwa kasuwa, kun san uwar karfasa a baki take renon ƙwanta?” Wallahi kuwa haka ne, kusan mako biyu take yi da ƙwai da 'ya'ya a bakinta ba ta cin abinci, in raga ta kama ta sai ta tofar da su su lalace. Ya ce abin da yake cin ran tsofaffin masunta a ko'ina shi ne masu jan ruwa da gidan sauro, wanda ba ya barin ko ɗan tsako, da kuma masu zuba gamalin, kifi ya taso matacce, babba da yaro, a kwashe a kai wa mutane su ci. Doka kuwa tana nan tun shekarar da aka gama dam ɗin. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana guba da nakiya, ta kuma hana raga mai idon da bai kai milimita 76 ba, wato inci 3. Sinadarin gamalin ɗin ma duniya ta sa shi cikin haramtattu a 2009. Mutanen Argungu kuwa ba su jira takarda ba, Matan Fada a rufe yake ga masu su har ranar biki, shi ya sa ake fito da giwan ruwa da sai an taru a ɗaga.

Ba na ganin laifin masunci shi kaɗai, mai iyali ne, abin da aka saya shi zai kamo. Mu ne muke tsayawa gaban tire mu ce a auno mana 'yan ƙananan nan don sun fi araha kuma sun fi daɗin suya. Ni ma ina son su da yaji, ba zan ɓoye ba. Amma kwano guda na 'ya'yan karfasa, da an bar su wata shida, kwando ne.

Da la'asar jirage suka fara dawowa, mata masu banda da 'yan sari suka yi ca a bakin ruwa, har da waɗanda suka zo da babur daga wajen Rogo. Muka sayi tarwaɗa manya guda biyu a wurin Baba don farfesun amarya, ya ƙara mana ragon ruwa ɗaya gyara. Har mun juya sai ya kira Yaya, ya ce ya bar masa robar nan guda biyu da aron filayar, akwai wani gurbi can wajen duwatsu da yake so ya gwada da asuba.