Daga Jalingo Zuwa Lau: Kifin Da Na'ura Ba Ta Gani

Jalingo, mazaunin Sarkin Muri kuma babban birnin Jihar Taraba tun 1991, tana zaune ne a gindin duwatsu. Kogin Lamurde da ya ratsa ta yakan koma rairayi da rani, saboda haka mai neman babban ruwa sai ya nufi arewa, ya gangara Lau a bakin Binuwai, inda masunta ke fito da tarwaɗa da ƙurungu da giwan ruwa.

To, kifi nawa ke cikin wannan kogi? A manyan tafkuna, kamar Tafkin Biktoriya da aka soma auna shi ta wannan hanya a 1999, masana sukan ɗaura wata na'ura a jikin jirgi. Ita kuwa sai ta aika ƙara cikin ruwa, wadda ke gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa guda, sa'an nan ta saurari amsa-kuwwa ta ƙiyasta yawan kifin.

Amma fa Binuwai ba za ta ba da kai haka nan ba. Na'urar ba ta rarrabe abin da ke dab da ita, ba ta kuma iya raba kifin da ya kwanta a ƙasa da laka. A tafki mai zurfi wannan hasara kaɗan ce. A kogin da rani ke mayar da shi har gora na taɓa ƙasa kuwa, ɗan tsakiyar da ya rage bai taka kara ya karya ba. Ga kuma ƙugin inji, wanda ke watsa kifi tun jirgi bai iso ba. Da damina, kumfa da yayi da ciyawa duk suna mayar da ƙara, a ƙirga su cikin kifi.

Babban abin lura shi ne, mafi yawan amsa-kuwwar daga jakar iskar da ke cikin kifi take fitowa, kuma ƙarfinta na sauyawa in kifin ya karkata. Ita tarwaɗa jakarta 'yar ƙarama ce, ga ta da son kwanciya cikin taɓo. Ashe ke nan wadda ake bandawa a kai kasuwar Jalingo kwando-kwando, ita ce ta fi ɓace wa na'ura. Shi ya sa ko a Biktoriya sai an jefa koma, an ciro kifi an gwada tsawonsa da irinsa, kafin a yarda da lissafin.