Motar sulke a tafin hannu



Yawancinmu da muka tashi a Maradi, Damagaram ko Tahoua mun yi motar karan dawa, mun yi ta gwangwani, mun ja ta da zare cikin lungu. Da muka girma muka bari. To akwai samarin da ba su bari ba. Suna ƙera motar sulke ta soja, wato bilinde, ƴar mitsitsiya, amma komai nata daidai da na gaske. Maket ake ce ma wannan aiki da Faransanci. Mun ji iyaye da dama suna kiran shi shiririta, shi ya sa muka ce bari mu tanka.

Da awo ake farawa. Ma'aunin da ya fi shahara shi ne 1/35: kowane santimita 35 na motar gaske ya koma santimita 1. Kamfanin Tamiya na Japan ne ya yaɗa shi, tun da ya fitar da maket ɗin tankar Jamus mai suna Panther a 1961. Mu ɗauki AML-90, ƙirar kamfanin Panhard na Faransa, wadda sojojinmu suka daɗe suna aiki da ita: taya huɗu, nauyi tan 5 da rabi, mutum uku a ciki. Faɗinta kusan mita 2, a maket bai kai santimita 6 ba. Soja mai tsawon mita 1,75 ya koma santimita 5 cif. Ramin bakin igwarta, milimita 90, ya koma wajen 2 da rabi, kamar bututun tawadar bik. Lissafin da mushe ya yi ta fama da mu a lakwal ke nan, ga yaro yana yin shi da kanshi, ba bulala.

A Turai kwali guda ake saye cike da sassan roba, a ɓalle a manna. Mu nan kuɗin kawo shi ya fi ƙarfin ɗalibi, sai dabara. Gwangwanin madara ya zama jikin mota, tsohon silifa ya zama taya, a yanka mata zane da reza ɗaya bayan ɗaya. Sili guda daga cikin wayar lantarki ya zama eriya. Kawunan ƙusoshi kuwa ɗigon gam ne da bakin allura. Hannu ya ɗan yi rawa, a kankare a sake.

Inda ake gane gwani shi ne bayan fenti. Mota fes kamar yau aka sauke ta daga jirgi ba ta kama da gaskiya. Sai ya tankaɗe jar ƙasa ya shafa ƙarƙashin taya, ya sa tsatsa bakin salansa, ya goge fenti a wurin da takalmin soja ke takawa in zai shiga, ya ɗaura jarkar ruwa da shebur. Wannan sai mai lura.

Wasu iyaye tsoro suke ji, wai yaro na sha'awar yaƙi. A halin da ƙasa ke ciki, ba mu ga laifinsu ba. Amma wanda ya zauna ya ƙera wurin zaman mutum uku cikin fili ɗan kaɗan fiye da kwalin ashana, ya san irin matsin da ƴan uwanmu ke ciki a Diffa da Tillaberi, cikin ƙarfe, cikin zafin bazara. Tausayi yake koya ma mutum.

Ku kuma samari, a yi hattara. Da yawanku a faretin 18 ga Disamba kuka fara ganin motocin nan, ko a Maradi Kolliya a 2015, ko Zinder Saboua a 2018. Kallo a fareti daban, ɗaukar hoton bariki ko ayarin soja daban. Kada ku kuskura. Hotuna da awo suna nan cikin littattafai da intanet.

Baba, inna, in kun ga ɗanku ya duƙufa da reza da gwangwani, ku tambaye shi awon da ya yi. In ya ba ku amsa, ku fara yi mishi tunanin makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa a Maradi, ko EMIG a Yamai. Da irin wannan hannun ake gyara famfo, injin niƙa da tarakta.

Allah shi ba ƙasarmu lafiya, shi kare sojojinmu. Sai mun sake haɗuwa.