Yadda Muka Sa Kabad Ɗin Umma Ya Yi Numfashi

Mu uku ne manyan yara a gidanmu, sai autanmu mai shekara biyu da rabi, wanda shi ne ya jawo duk wannan labarin. A falonmu akwai wani dogon kabad da Umma ta zo da shi cikin kayan ɗakinta. Samansa gilas ne, cike da tangaran da kofunan da ba mu taɓa ganin an sha shayi da su ba. Ƙasansa kuwa katako ne mai ƙofa biyu. Da can kayan sautin Baba a kan tebur suke kusa da talabijin: amfilifaya, dikoda da DVD. Wata rana Auta ya tura biskit cikin bakin DVD. Bayan kwana biyu ya murɗa maɓallin ƙara har ƙarshe, sifikun suka yi wata tsawa da ta sa Kaka ta zubar da kununta. A daren nan Baba ya kwashe kayan duka ya jera su a ƙasan kabad, ya zaro wayoyin ta wata 'yar kafa da ke baya, ya sa kwaɗo.

Washegari muka gane rimot ya daina aiki. Ka danna, ka sake dannawa, ka bubbuga shi a tafin hannu, shiru. Sai an buɗe ƙofar yake ji. Daga ranar mu muka zama rimot. Muna cikin aikin gida sai mu ji, "Kai, a zo a ƙara sauti!" Sai ɗayanmu ya tashi, ya karɓo makulli, ya durƙusa, ya buɗe, ya murɗa, ya rufe, ya mayar da makulli. Kafin ya zauna an sake kira, wai ya yi yawa.

Wannan duk mun jure shi. Abin da ya tayar da hankalin gida ya zo ne da bazara. Kun dai san yadda Kano take a watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 da rana. Amfilifayar ta fara mutuwa da kanta. Za a kunna ta, ta yi kamar rabin awa lafiya ƙalau, sai a ji "ƙas", sauti ya ɗauke. Kaka ce ta fi kowa shan wahala, domin jinta ya yi rauni, kuma da manyan sifikun nan kaɗai take jin labaran BBC Hausa ba tare da an maimaita mata ba. Baba kuwa mu ya zarga. Ya ce tunda mu ne masu buɗewa da rufewa, to mu muka taɓa wani abu. Ya kuma faɗa mana cewa ya yi wata da watanni yana tara kuɗin amfilifayar nan, idan ta ƙone ba shi da halin sayen wata. Mun rantse har mun gaji. Kwana uku ba ma zama a falo idan yana nan.

Ranar Asabar ya ɗora mana ita muka kai wa mai gyaran rediyo na bakin layinmu. Abin haushi, ta wuni tana waƙa a kan teburinsa, ko sau ɗaya ba ta ɗauke ba. Da muka koma da yamma sai ya tambaye mu, "Yara, a ina kuke ajiye ta?" Muka gaya masa. Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce, "Ai a tanda kuka sa ta."

Ya kwance murfin ya nuna mana wani ƙarfe mai haƙora jere kamar matsefi. Ya ce ba duk wutar da amfilifaya ke ci ce ke zama sauti ba, mai yawa zafi take zama, kuma aikin ƙarfen nan shi ne ya kwashi zafin ya miƙa wa iska. Ramukan da ke saman murfin ta nan iskar ke fita. Mu kuwa mun ɗora dikoda a kan ramukan daidai, muka kuma rufe ƙofa. Ya ce mutuwar da take yi ba lalacewa ba ce, akwai abin da aka sa a cikinta da ke kashe ta idan zafi ya wuce kima don kada ta ƙone. Amma idan aka ci gaba da haka, kayan cikinta za su tsufa tun lokacinsu bai yi ba. Mun roƙe shi ya faɗa wa Baba da bakinsa, domin mun san mu ba za a yarda da mu ba.

Mun so mu gani da idonmu. Muka ɗauko ma'aunin zafin jiki da Umma ke sa mana a hammata, muka ajiye shi cikin kabad, muka rufe na minti ashirin. Da muka ciro shi bai nuna lamba ba, harafin H kawai ya nuna. Irin wannan ma'aunin iyakarsa wajen digiri 42 ne. Wato da amfilifayar mutum ce, da tuni an kai ta asibiti.

A makon nan ne kuma malamin kimiyya ya zo kan darasin yadda zafi ke tafiya. Ya ce iska mai zafi ta fi mai sanyi rashin nauyi, shi ya sa take hawa sama, mai sanyi ta shigo ta ƙasa ta maye gurbinta. Da ba don kabad ba, da mun haddace wannan mun rubuta a jarrabawa mun manta. Amma a ranar muna tashi muka zana kabad a bayan littafi: ramuka a ƙasa don iska ta shiga, babban rami a sama don ta fita.

Nan aka zo wurin da ya fi wuya. Umma ta ce ba wanda zai huda mata kabad. Mahaifinta ne ya saya mata shi, kuma ya rasu tun kafin a haifi ƙaraminmu. Baba ya ce ai rami ne kawai a baya, ba mai gani. Ta ce, "Baban Auta, ni ai na san yana nan." Daga haka ba ta ƙara cewa komai ba, ta shige kicin. Mu da muka kawo zanen muka ji kunya, don mun lissafa iska mun manta da mai kabad. Muka ninke takardar muka ɓoye.

Kafintan unguwarmu ne ya raba gardamar. Ya leƙa bayan kabad ɗin ya ce siririn katako ne aka buga da ƙananan ƙusoshi. Zai iya cire shi ɗungurungum ba tare da ya karye ba, ya sa wani sabo a wurin, a huda sabon yadda ake so. Umma ta tsaya a kansa har ya gama cire ƙusa ta ƙarshe. Ta goge katakon, ta naɗe shi da tsohon zani, yanzu haka yana ƙarƙashin gadonta.

Fankar da muka sa daga cikin matacciyar kwamfuta mai gyara ya ciro mana ita. Faɗinta bai fi tafin hannu ba, an rubuta 12V a jikinta, muka haɗa ta da adaftar wata tsohuwar dikoda da ita ma aka rubuta mata 12V. Karo na farko mun ɗaura ta a juye, tana tura iska ciki maimakon ta jawo mai zafin waje. Sai daga baya muka lura akwai 'yar kibiya a gefenta da ke nuna inda iska ke bi. Da muka juya ta sai wata matsalar ta fito: kabad ɗin duka ya kama gurnani, har kofunan Umma na kaɗawa a sama. Muka yanko roba daga tsohon silifas muka sa tsakanin fankar da katakon, gurnanin ya lafa. Muka janye kabad ɗin daga bango kamar faɗin hannu, muka sauke dikoda daga kan amfilifaya, muka liƙa ragar taga a ramukan ƙasa saboda ƙura da kyankyasai. Ragar nan da hunturu sai mun riƙa kakkaɓe ta duk mako, in ba haka ba ta toshe. Tun ranar amfilifayar ba ta sake ɗaukewa ba. Baba bai ce mana mu yi haƙuri ba, amma ya dawo da tsire a daren, kuma mun gane.

Saura rimot. Mu a da mun ɗauka irin igiyar rediyo yake aikawa, wadda ke ratsa bango. Malamin kimiyya ya ce mu je gida mu kunna kyamarar waya, mu nuna mata kan rimot, mu danna. 'Yan'uwa, ku gwada wannan yau. Ɗan ƙwan da ke kan rimot, wanda ido ke gani a mace, a cikin waya sai ka ga yana ƙyalli da wani haske mai kama da shunayya. Idan kyamarar baya ba ta nuna ba, a gwada ta gaba. Mun bi duk rimot ɗin gidan muna dubawa, har na maƙwabta. Sunan hasken infarared. Malam ya ce wani masani mai suna William Herschel ne ya gano shi a Ingila a shekarar 1800, lokacin da ya raba hasken rana zuwa launuka, ya ajiye ma'aunin zafi gaba da launin ja inda ba a ganin komai, sai ma'aunin ya hau. Yawancin rimot suna kunna hasken su kashe shi wajen sau 38,000 a daƙiƙa ɗaya, don na'urar ta bambanta shi da hasken rana da na ƙwan ɗaki.

Tunda haske ne, to shi kenan magana ta fito. Yana ratsa gilas, madubi na mayar da shi, amma katako tare shi yake yi kamar yadda yake tare tocila. Mun haska tocilar waya a baƙin gilashin da ke fuskar amfilifaya, muka hango ɗan idon da ke karɓar saƙon a ɓoye a ciki. Ana sayar da wata na'ura mai ido a waje da 'yan ƙwayaye da ake liƙawa a ciki, amma Baba ya ce ya gama kashe kuɗi a kan kabad. Huda ƙofa kuwa ko a mafarki ba mu kawo wa Umma ba.

Mai gyara ya ce mu sake kawo ta. Ya cire ɗan idon, ashe ƙafa uku gare shi, ya ƙara masa doguwar waya mai layi uku, muka biyo da ita ta sabon katakon baya, muka liƙa idon a gefen kabad. Dikoda da DVD ba su da nauyi kuma ba sa zafi sosai, Umma da kanta ta matsar da kofuna shida ta ba su wuri a bayan gilas. Baba ya zauna a kujerarsa, ƙofa a rufe da kwaɗo, ya danna, sauti ya ƙaru. Kaka ta ce a bar shi haka.

Kwana huɗu muka yi muna hutawa. A na biyar Auta ya tsinci rimot a kan kujera, ya ɗora yatsa a kan maɓalli ɗaya bai ɗaga ba, Kaka ta sake zubar da kunu. Yanzu rimot ɗin a can ƙololuwar kabad yake kwana, inda sai an taka kujera ake kai hannu. Idan Baba zai ƙara sauti, ɗayanmu yake kira ya ɗauko masa.