Takardar Matuƙi da Ilimin Madugu

Mu 'yan zangon ƙasar Djougou, daga Onklou har zuwa Parakou, mun gaji labarin ayarin goro da ke ratsowa ta nan daga Kano zuwa Gwanja. Madugu ba ya riƙe da takarda. Hanyar tana cikin kansa: inda rafi ke cika, inda ake biyan fito, inda ba a kwana. Shi ya sa idan muka ji cewa matuƙin jirgin sama, duk da karatunsa, sai ya bi jerin umarni layi bayan layi kafin ya tashi, abin yakan yi mana kama da raini.

Ba raini ba ne. A 1935 wani sabon jirgin Boeing ya faɗi a Amurka wajen gwaji, domin ƙwararrun matuƙansa sun manta ba su cire makullin da ke riƙe jelarsa ba. Daga nan aka soma rubuta jerin. Gwani ma yana mantuwa.

Sai dai takarda ba ta san abin da marubucinta bai hango ba. Ranar 11 ga Yulin 1991, jirgin DC-8 ɗauke da alhazai ya taso daga Jidda zuwa Sakkwato. Wasu tayoyinsa ba su da isasshiyar iska. Biyu suka fashe yana gudun tashi, suka kama da wuta. Ƙa'ida ta ce da zarar jirgi ya ɗaga a naɗe tayoyi. Aka naɗe su da wutarsu zuwa cikin jirgin, inda wayoyi da bututan mai suke, kuma babu na'urar da za ta sanar da matuƙan. Mutum 261 suka rasu, Allah ya jiƙansu.

Ba mu ce matuƙi ya zama injiniya ba. Jirgin yau ya fi ƙarfin kan mutum guda. Abin da muke nema shi ne ya san dalilin kowane layi, ya san abin da ke kwance a ramin tayoyi kafin ya rufe shi. Wannan kuwa nauyi ne a kan masu ƙera jirgi da masu horarwa. Matuƙan 737 MAX da ya faɗi a Indonesiya a 2018 sun yi ta kokawa da wata na'ura mai danna hancin jirgi ƙasa, wadda ba a ma bayyana musu ita a littafin tuƙi ba.