Hurumin Da Ya Zama Kurkuku

Ya 'yan'uwana ɗalibai, a hutun da ya wuce na ari wani littafi a laburaren kwalejinmu, ya hana ni barci har kwana biyu. Sunansa The Handmaid's Tale, wata mata 'yar Kanada, Margaret Atwood, ta wallafa shi a 1985. Ƙagaggen labari ne, irin waɗanda ke kwatanta yadda zaman duniya zai lalace nan gaba.

A cikinsa waɗansu mutane sun hamɓarar da gwamnatin Amurka, suka kafa mulkin da suka kira Giliyad. Guba da cututtuka kuwa sun sa haihuwa ta yi wuya ƙwarai. Sai masu mulki suka tattara matan da ke iya haihuwa, suka ce cikinsu hurumi ne mai tsarki. Aka sa musu jajayen tufafi, aka hana su karatu, aka rarraba su gidajen manya. Har sunayensu aka karɓe. Mai ba da labarin ana ce da ita Offred, watau ta Fred, maigidan da aka kai ta wurinsa. In ɗayarsu ta haihu, uwargida ce ke ɗauke ɗan.

To, abin da ya tsaya mini a rai shi ne, mu mun san wuri mai tsarki, mutum ya shige shi da ƙafarsa, ya sami natsuwa. Amma su waɗannan mata, da aka tsarkake cikin sai aka manta da mai cikin.

Nan na tuna da goggona, Allah ya jiƙanta. Shekara 20 tana aure ba ta haihu ba, ana ce mata juya a bayan idonta, alhali ita ta yaye ni, ita ta fara biya mini karatu. Kishiyarta kuwa ana lallaɓa ta in tana da ciki, da an yi suna sai a koma ba a kula ta. Ashe duk su biyun awo ɗaya aka yi musu.

Gobe za a ba mu aji cike da 'yan mata. Lalle haihuwa baiwa ce daga Allah, ba mai musu. Amma ni dai na yi niyyar in koya wa kowace yarinya cewa darajarta ba ta jiran ranar suna.