Romon muzurun Inna

Maguna huɗu ne a gidanmu a Tasawa, su ke tsare rumbun gero daga ɓeraye. A aji mun sha gardama kan mage, kyanwa da mussa. Inna dai "ƴan aikina" take ce musu.

Hutun bara na tarar da muzurun tsugune a yashi yana nishi, fitsari ɗis-ɗis da jini. Likitan dabbobi ya yi masa allura, ya ce tsakuwa ce a mafitsara. Hanyar fitsarin namiji siririya ce, in ta toshe gaba ɗaya, kwana 2 ko 3 sai mutuwa. Ya ambaci wani abincin kanti na musamman. Da na ji kuɗin, wallahi dariya na yi, ya fi ƙarfin bursina. Kuma kwano guda suke ci, wa zai hana sauran ukun?

Ƙanzo da burbushin busasshen kifi muke ba su, alhali mage ba ta cika shan ruwa ba, a abinci take samun yawancinsa. Sai na koma wurin mahauci: huhu da zuciya na dala 40, a dafa da romo mai yawa, ba gishiri, ba albasa (guba ce gare su). Kaskon ruwa uku a inuwa.

Inna ta ce, "Kai, mage da romo, mu da miyar kuka?" Yanzu ita ke dafawa. Da kawuna na Mayahi ya roƙi ɗan mage guda, sai da ta tambaye shi ko akwai mahauci a unguwarsu.